Daga Damagaram zuwa Kano neman ƙashin baki

Hanyar Kano ba baƙuwata bace, na fi shekara goma sha biyar ina binta, in saro shadda da atamfa a Kantin Kwari in kawo shagona a Kasuwar Dole, na san inda direbobi ke tsayawa sallah, na san mai shayin da ba ya ha'inci a madara. Amma tafiyar da nayi bayan ƙaramar sallar 2024 ba ta sari bace. Abin da ke jakata wata babbar ambulan ce mai hoton radiyon bakina, wato hoton asibiti mai nuna ƙashi, sai ƴan kuɗin da na daɗe ina tarawa, sai kuma wani tsoro da ban faɗa ma kowa ba har uwargida.

Bari in ɗan koma baya don a gane. A 2015 na faɗi da moto, wato babur, wajen Tudun Jamus, akuya ce ta gitta min da magariba na taka birki bakina ya daki kan moton. Haƙorana biyu na gaba na sama suka tafi, ɗaya ya karye ya bar saiwa ciki ɗayan kuma ya fito ɗungurungum, wani yaro ma ya tsinto shi cikin rairayi ya miƙo min na naɗe a takarda na sa aljihu. A asibiti aka ɗinke min leɓe aka cire guntun da ya saura, ba wanda ya tambayi na aljihuna ni ma ban san abin tambaya bane. Sai bayan shekara tara nake jin ashe haƙorin babba in ya fita gaba ɗaya haka, in ba a taɓa saiwar ba aka tsoma shi cikin madara aka kai ma likitan haƙori kafin awa ɗaya, sau da yawa ana mayar da shi ya kama. Wallahi ranar da naji wannan magana na daɗe zaune shiru.

To daga nan sai aka yi min apare, haƙorin robar nan da ake sawa a cire, da shi nake ciniki da shi nake zuwa ɗaurin aure. Shekarun farko lafiya lau, daga baya ya fara rawa, a gyara ya zauna wata shida ya sake sakwarkwacewa. Inna ce ta fara lura da abin da ni ban lura ba, wata rana na je gaisheta a Birni ta dube ni tace, kai leɓenka na sama ya faɗa ciki kamar na tsoho, lafiya kuwa? Na koma gida na tsaya gaban madubi na cire aparen na sa yatsa na shafa dasashin, wurin ya zama siriri kamar bakin wuƙa.

Wani dantis, wato likitan haƙori, a nan Damagaram, yaro ne matashi mai haƙuri, shi ya fara yi min bayanin da ba a taɓa yi min ba. Nace masa dokter naji ana dasa haƙori na dindindin, amplan, shi nake so in huta da robar nan. Ya duba bakina ya dubi radiyo yace Alhaji ba a kafa turke a inda ba ƙasa. Ƙashin da ke riƙe da haƙori saboda haƙorin yake raye, duk taunar da kayi saiwa na motsa shi yana sabuntuwa, ranar da haƙori ya fita jiki sai ya ga ƙashin ba shi da aiki ya soma janye shi. A shekarar farko kawai faɗin wurin na iya raguwa kusan rabi, kuma yawancin raguwar cikin wata uku na farko take faruwa, shi ko apare a saman dasashi yake zaune ba ya hana komai, dannawar da yake yi ma ƙara zaizaye wurin take. Yace dole a fara gina ƙashin tukuna, su a bakinsu giref suke ce ma aikin, kuma radiyon da muke da shi tsawo yake nunawa ba ya nuna kauri, sai an yi sikane na musamman. Ko Yamai ko Kano. Yamai kusan kilomita 900 ce, yini cur cikin kar, babbar motar fasinja, Kano ko ba ta wuce 240 ba kuma ina da masauki. Matsalar lokacin iyaka na rufe tun juyin mulkin Yulin 2023, sai da aka buɗe a watan Maris sannan na sa rana.

Mun bar tasha ana idar da sallar asuba, mu tara cikin motar da aka yi don mutum bakwai, zafin Afrilu tun rana bata fito ba riga na manne ma baya. Takeita muka karya kudu, Kance, Matamai, sai Ɗan Barto inda kowa ke sauka da kardantite, katin shaidar ɗan ƙasa, a hannu, a tsallaka Kwangwalam a sake sauka, daga nan kuma shingaye ba adadi har Daura. Wani dattijo kusa da ni ya ga ina rungume da ambulan yace asibiti za ka ɗana? Nace eh Baba, haƙori ne. Yayi murmushi haƙorinsa na Makka ya haska yace, a kan haƙori har Kano? Ban ji haushinsa ba, haka muka tashi dukanmu, haƙori in yayi ciwo a cire a yar shi kenan magana ta ƙare, ba wanda ke tunanin abin da ke ƙarƙashi. Kazaure, Dambatta, la'asar muka shiga Kano. Na sauka Fagge gidan mai masaukina, washegari na bi ta Wapa na canza sefa na nufi kilinik ɗin da aka kwatanta min.

Sikanen bai kai minti ɗaya ba, ka tsaya ka ciji wani ɗan roba na'ura ta zagaya kanka. Amma abin da ya fito a kwamfuta ba zan manta ba, ƙoƙon kaina ne gaba ɗaya likita na juya shi da linzami yadda yake so, ya yanka hoton daidai giɓin ya ja layi ya auna yace milimita 3. Ya ɗauko samfurin abin da ake dasawa daga aljihun tebur ya ɗora min a tafin hannu, ɗan ƙarfe ne mai zare kamar noti, kaurinsa wajen milimita 4, yace kuma ana son ƙashi ya kewaye shi ta gaba da baya aƙalla milimita ɗaya zuwa biyu, to lissafa da kanka Alhaji kai ɗan kasuwa ne. Na lissafa, sai an samu wajen 7, nawa ko rabi bai kai ba. Yace da a ce ranar da aka cire guntun nan an cika ramin da garin ƙashi an rufe, da aikin yau bai kai haka girma ba.

Nace dakta ƙarfe cikin baki da yawu ba zai yi tsatsa ba? Yace titaniyom ne ba ya tsatsa, kuma ƙashi manne masa yake har su zama abu ɗaya. Da dare a masauki na kasa barci na shiga intanet ina karantawa da faransanci, ashe wani likita ɗan Suwidin ne mai suna Branemark ya gano haka a 1952, ya sa ƙarfen a ƙafar zomo don wani bincike daban da yazo cirewa ya ƙi fita, sai a 1965 ya dasa ma mutum na farko a baki. Abin da ya kusa shekara sittin ana yi, hankalina ya ɗan kwanta.

Inda muka daɗe da likita shi ne maganar ina za a samo ƙashin. Yace ana iya ɗiba daga jikinka, haɓa ko can bayan turmin ƙarshe na ƙasa, in ana son da yawa har ƙugu ake zuwa, shi ya fi kowanne kamawa don rayayye ne amma ciwo ya zama biyu. Akwai na mutanen da suka rasu suka bada, an sarrafa an tsabtace. Akwai na saniya da aka gasa aka fidda duk wani nama da maiƙo sai tsuran ma'adinin ya rage, akwai kuma wanda ake haɗawa a masana'anta ba dabba ba mutum. Sannan bayan an zuba ana lulluɓe shi da wani tantani don kada naman dasashi, wanda ya fi ƙashi saurin tsiro, ya kutsa ya cinye wurin. Ni na tambaya da bakina, tantanin na mene ne? Bai ɓoye min ba, yace da yawa daga cikin waɗanda suka fi yawo a duniya daga alade ake yin su, amma akwai na saniya akwai na roba wanda sai an sake buɗewa an cire. Gabana ya faɗi. Nace dakta a bar maganar nan sai na koma gida.

Dama ba ranar za a yi ba. Ya wanke min haƙora ya kankare duk dattin da ya daskare a gindinsu, yace dasashi mai jini ba a aiki a kansa, ya rubuta min gwajin sukari na wata uku don mai ciwon sukarin da bai daidaita ba rauninsa ba ya warkewa da kyau, sannan ya dubi yatsuna yace kana shan taba. Ba tambaya yayi ba. Yace hayaƙi na matse ƙananan jijiyoyin jini, shi ko garin ƙashin nan da jini kawai zai rayu, in ba za ka bari ba gara ka riƙe kuɗinka. Ya bani sati shida.

A falon jira na haɗu da wata Hajiya daga Katsina, ita turamenta na sama ne suka zube, kuma ashe saman turame akwai wani kogo a gefen hanci, in haƙori ya fita kogon sai ya yi ta saukowa ƙashin ya zama kamar takarda. An ɗaga mata tantanin kogon an cusa garin ƙashi a ƙarƙashi, tace ɗana sati biyu aka hana ni fyace hanci, atishawa ma sai baki buɗe. Tana ta min addu'a kamar ta san ni, Allah ya saka mata.

Sati shidan nan a Damagaram sun fi min aikin kansa wuya. Shekara ashirin ina shan taba, kuma a fadarmu ta Zango kusan kowa na sha, ana zuba shayi na farko ana kunnawa. Sai na daina zaman dare gaba ɗaya, ina rufe shago in wuce gida, abokai wasu suka ɗauka fushi nake. Analiz ɗin sukari ya fito lafiya alhamdulillahi. Na je wajen malaminmu a Birni bayan sallar isha na zayyana masa komai, ya saurara har na gama yace tunda akwai wanda ba shakka a cikinsa kuma kana iya samu, nemi shi ka huta da waswasi. Na kira Kano nace na saniya nake so, garin da tantanin duka, kuma ina son in ga kwalin da idona. Likitan bai ji komai ba yace haƙƙinka ne. Duk wanda zai yi aikin nan dan Allah ya tambaya, ba rashin kunya bane, jikinka ne za a sa ma abu.

Farkon watan Yuni na koma, wannan karon da ƙanena. Ba a sa ni barci ba, allurai ne a dasashi da ganɗa har na daina jin hancina. Zafi babu amma kana jin komai, ana ja ana dannawa, ƙarar kankara na shiga har cikin kunne. Ya tsaga dasashin ya ɗaga shi, ya huda ƴan ƙananan ramuka a jikin ƙashin don jini ya fito, ya kankaro ɗan ƙashina daga bayan turmin ƙasa ya gauraya da na kwalba cikin wani ɗan kofin ƙarfe. Ya nuna min kafin ya zuba, fari ne tsaki-tsaki kamar tsakin gero da aka jiƙa, sai da jinina ya taɓa shi ya koma ja. Yana aiki yana min bayani don in samu natsuwa, yace garin nan ba shi ne zai zama ƙashinka kai tsaye ba, kamar azara ce da magini ke jerawa kafin ya ɗora ƙasa, jijiyoyin jini za su bi ta tsakaninsa su shiga jiki ya yi ta gini a kai sannu a hankali. Ya lulluɓe da tantani ya kafe shi da wasu ƙusoshi ƙanana kamar kan allura, ya jawo dasashi ya ɗinke. Awa biyu ba kaɗan.

Kwana na biyu da na uku kumburi ya kai maƙura, leɓena ya tashi har gefen ido yayi duhu, ƙanena na ta zaryar sayo ƙanƙara yana naɗewa a tsumma ina dannawa. Amoksisilin, maganin zafi, da wani ruwan kurkure baki mai ɗaci wanda aka ce kar in wasa shi da ƙarfi, in dai riƙe in sunkuya ya zubo. A kwana na huɗu naji wani abu kamar rairayi a harshena na tofa a hannu na ga ƙwaya uku farare, hankalina ya tashi nace shi kenan kuɗina sun zube, na kira likita murya na rawa yace ƴan ƙwayoyi kaɗan ba komai bane, abin tsoro shi ne ɗinki ya buɗe ko ruwa mai wari ko zazzaɓi ko kumburin ya dawo bayan ya sauka. An hana ni sa tsohon apare don kar ya danne ginin, aka yi min wata roba garai-garai mai haƙora biyu wadda ke hawa kan sauran haƙoran bata taɓa dasashi. Kwana goma aka cire zare muka kamo hanya, duk ramin da mota ta faɗa tsakanin Daura da iyaka sai na dafe baki.

Na iso gida saura kwana kaɗan babbar sallah. Ranar layya unguwa ta cika da hayaƙi raguna a jere jikin wuta, ni ko kunu da fura mai ruwa-ruwa. Uwargida ta ɗebi hanta ta dafa ta daka ta a turmi lukui ta zuba romo ta kawo min a ɗaki tace maigida ba za a ce ba ka ci naman layyarka ba. Na sha da cokali ta gefen baki, idona ya kawo ruwa.

Daga nan sai jira, kuma ba wanda ya gaya min jiran ne mafi yawan aikin. Wata shida ba abin da kake gani ba abin da kake ji, ba ka san ya kama ko bai kama ba, ga ƴan uwa na tambaya ina haƙoran da ka je Kano sawa, in ce ana gini tukuna su dube ni kawai. Damina ta sauka da ƙarfin da muka daɗe ba mu gani ba, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, farkon Satumba tsohon masallacin Birni da kakanninmu suka yi sallah ciki ya rushe, na je na tsaya cikin jama'a muna kallon tarin ƙasa ba mai magana. Cikin wannan hali ciniki ya ja baya, kuɗin kashi na biyu da nake tarawa na taɓa su na gyara katangar Inna. Sau biyu sha'awar taba ta kusa kada ni, abin da ke tsaida ni in sa harshe in shafa wurin inji ya cika ya yi tudu ba kamar da ba. Dantis ɗinmu na nan gari shi ke duba ni duk wata yana wanke min, yana tura ma na Kano hoto ta WhatsApp, ban taɓa ganin kishi tsakaninsu ba.

Ƙarshen Nuwamba hunturu ya fara busawa na sake ɗaukar hanya, na naɗe rawani har baki. Aka sake sikane, likita ya ja layinsa a daidai wurin da ya ja a watan Afrilu, ya juyo min da fuskar kwamfutar yace karanta da kanka. Milimita 7 da ɗan ɗori. Na ce alhamdulillahi ya fi sau goma, ma'aikaciyarsa na taya ni. Washegari aka dasa ƙarafa biyu, aikin bai kai awa ɗaya ba kuma bai kai na farko wahala ba ko kusa, yace da yana hudawa ƙashin ya yi tauri yana fidda jini, alamar rayayye ne. Ya rufe su da dasashi yace sai bayan wata huɗu su gama kamawa sannan a buɗe a auna a ɗora haƙoran, kuma ko bayan nan ba an gama ba kenan, buroshi safe da dare da zuwa dubawa, don abin da ke cin dasashin haƙori yana cin na ƙarfe ma.

A hanyar dawowa mun tsaya Matamai, lokacin rake ne an jibge shi bakin titi dami-dami. Shekara tara rabona da in sa rake a baki in ɓare da haƙori. Na sayi dami ɗaya na yara, mai raken ya ga ina ta kallo yace Alhaji a fere maka? Nace fere min gaɓa biyu ka yanka ƙanana sosai. Ya yanka ya zuba min a leda, na koma mota na zauna bakin taga ina sa ɗaya-ɗaya can wajen turame ina tsotsa a hankali har muka shiga Takeita.